Injin Zagaya Ruwan Zafi a Gida: Riba ko Asara?

A yawancin gidajen Amurka da na ƙasashen Turai ba a ɗora tukunya bisa murhu don ruwan wanka. Akan ajiye tanki guda, galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a garejin mota, wanda ke dafa ruwa da gas ko da wutar lantarki, sa'an nan bututu ya kwashi ruwan ya rarraba shi zuwa banɗaki da kicin da wurin wanki. Wannan jin daɗi kuwa ba kyauta ake samunsa ba. A Amurka, dumama ruwa kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na makamashin da gida ke amfani da shi, watau in an ɗebe dumama ɗakuna da sanyaya su, babu abin da ya kai shi cin kuɗi. Saboda haka duk wata na'ura da aka ce tana rage wannan nauyi, nan da nan takan sami kasuwa.

Daga cikin irin waɗannan na'urori akwai wani ɗan ƙaramin inji, girmansa bai wuce dunƙulen hannun babban mutum da yawa ba, wanda ake haɗawa da bututun ruwan zafi don ya riƙa tura ruwan yana zagayawa. Masu sayar da shi suna faɗin abu biyu: cewa yana hana ɓarnar dubban litoci na ruwa a shekara, kuma yana rage wa maigida kashe kuɗi. Magana ta farko gaskiya ce. Ta biyu kuwa sai an zauna an yi lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin ajin farko na babbar sakandare ba.

Ina ruwan zafin yake maƙalewa?

Mu ɗauka akwai tazarar mita 20 tsakanin tanki da banɗakin da ya fi nisa, kuma faɗin ramin bututun santimita 2 ne. Wanda ya tuna yadda ake gano abin da gwangwani ke ɗauka zai ga cewa kowace mita guda ta wannan bututu tana riƙe da kimanin lita 0.31, watau lita 6.3 ke nan a tsawon mita 20. Idan mutum ya gama wanka ya rufe famfo, waɗannan litoci shida ba su da wurin zuwa. Suna nan kwance cikin bututu, zafinsu yana sulalewa ta jikin ƙarfe zuwa cikin iska, har su huce sarai. Wanda ya zo bayansa da 'yan sa'o'i dole ya buɗe famfo ya tsaya yana kallon ruwan sanyi yana bin magudana kafin mai zafi ya iso.

Abin da ke zubewa ma ya fi lita shida, domin ruwan zafin da ya fara fitowa daga tanki sai ya ɗumama jikin bututun da ya yi sanyi tukuna, ga shi kuma yana cakuɗuwa da ruwan sanyin da ke gabansa. Mu ƙaddara lita 10 ke tafiya a kowane buɗi, kuma ana yin haka sau goma a yini. Lita 100 ke nan kullum, jarka huɗu irin ta masu ruwa mai cin lita 25. A shekara abin ya tasam ma lita 36,500, ko jarka 1,460. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gida da hantsi yana jiran mai kurar ruwa ya san wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Ruwa ne fa da aka tace, aka sa masa magani, aka turo shi daga nesa, ya koma kwata ba tare da ya wanke ko cokali ba.

Yadda injin yake aiki

Dabarar mai sauƙi ce. Maimakon bututu ya ƙare a famfo na ƙarshe, sai a ja wani bututu daga can ya dawo gindin tanki, hanyar ruwa ta zama zobe. Injin yana zaune a kan bututun dawowa, yana jawo ruwan da ya fara hucewa yana mayar da shi tanki, mai zafi kuma yana maye gurbinsa. Ta haka ko yaushe aka buɗe famfo, ruwan zafi yana nan kusa, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya iso. Cikin injin ba wani abu ba ne illa ƙaramar farfela da motar lantarki ke juyawa. Ba ya ɗaga ruwa zuwa sama kamar injin rijiyar burtsatse, domin zoben a cike yake, ruwan da ke hawa da wanda ke sauka sun daidaita juna. Aikinsa kawai shi ne shawo kan gogayyar ruwa da jikin bututu, shi ya sa ba ya bukatar ƙarfi mai yawa. Tsofaffin samfura suna cin wat 25 ko fiye, na zamani kuwa akwai masu cin ƙasa da wat 10. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Opländer na birnin Dortmund ne ya ƙirƙiro irin wannan inji a ƙarshen shekarun 1920, don saurin zagaya ruwan dumama ɗakuna, kuma kamfanin Wilo da ya samo suna daga sunansa yana nan yana ƙera su, tare da wasu kamar Grundfos na ƙasar Denmark.

Tsofaffin gidaje da yawa ba su da bututun dawowa, kuma fasa bango don a ja sabo aiki ne mai tsada. A irin waɗannan akan sa wani ɗan bawul a ƙarƙashin wurin wanke hannu mafi nisa, wanda zai haɗa bututun zafi da na sanyi. Sai injin ya tura ruwan da ya huce ya bi ta bututun sanyi ya koma tanki, da zarar ɗumi ya iso kuma bawul ɗin ya rufe kansa. Wannan ya fi araha, amma yana da illar da za mu komo kanta.

Malamin ilmin halittu ba zai dubi wannan tsari ba tare da ya tuna da zagayen jini ba. Tanki shi ne tsakiyar jiki inda hanta da tsoka ke samar da zafi, injin shi ne zuciya, bututun fita da na dawowa su ne jijiyoyin da ke kai jini da masu maido shi. Abin da Ibn al-Nafis ya fara bayyana sashensa a ƙarni na 13, William Harvey ya kammala a 1628, shi ne masu aikin famfo suka kwaikwaya da jan ƙarfe. Sai dai zuciya ta fi su iya tattali: tana tura kimanin lita biyar na jini a minti guda lokacin da mutum yake hutawa, alhali ƙarfin turawar bai kai wat biyu ba.

To, bari mu yi lissafi

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, ruwa yana da wuyar ɗumamawa. Kafin zafin lita guda ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Santigireti, sai an ba ta kilojul 4.18. Don ɗaga ta daga digiri 20 zuwa digiri 60, sai a ninka da 40, a sami kilojul 167. Yunit guda na wutar lantarki, irin wanda mita ke ƙirgawa, daidai yake da kilojul 3,600, watau wat dubu na tsawon sa'a guda. Saboda haka kowace lita ta ruwan zafi tana cin yunit 0.046.

A gidan da babu injin, duk lita goman da ta zube an janye kwatankwacinta daga tanki, ruwan sanyi ya shiga a madadinta, dole a dafa shi. Lita 100 a yini sau 0.046 ya ba mu yunit 4.6. Wannan ita ce asarar zafi a gidan da ake tsayawa jira.

Yanzu mu sa injin, mu bar shi yana aiki dare da rana, kamar yadda gidaje da yawa suke yi. Wutar da shi kansa ke ci ba ta taka kara ta karya ba: wat 25 sau sa'a 24, yunit 0.6 ke nan a yini. Wannan adadi shi mai talla zai nuna maka. Abin da ba zai ambata ba shi ne, yanzu akwai bututu mita 40, ashirin tafiya ashirin dawowa, wanda ba ya hucewa ko da minti guda. Bututun jan ƙarfe mai wannan kauri, in ba a naɗe shi da komai ba, kuma ruwan cikinsa ya fi iskar ɗaki zafi da digiri 35, yana zubar da zafin da ya kai wajen wat 30 a kowace mita. Mita 40 sau 30, wat 1,200. Tamkar an jona dutsen guga ne an manta da shi har abada. A yini guda yunit 28.8, in an haɗa da na injin 29.4, fiye da ninki shida na asarar da aka ce za a magance. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai hankali zai ce ai sai a sa wa bututun riga. Haka ne, kuma wajibi ne. Akwai wata roba mai kama da soso wadda ake zura bututu a ciki, iskar da ke tsare cikin ƙananan ramukanta ita ke hana zafi wucewa, kamar yadda gashin tunkiya ko gashin tsuntsu yake yi. Da rigar da kaurinta ya ɗan haura santimita guda, asarar kan sauko zuwa wajen wat 10 a mita. Wat 400 ke nan a zoben duka, kwatankwacin zafin da jikin mutum huɗu ko biyar ke fitarwa suna zaune. A yini yunit 9.6, da na injin 10.2. Har yanzu ya ninka 4.6 fiye da sau biyu.

Mu dube shi ta wata fuska. An ƙara kashe yunit 5.6 don a ceto lita 100. Ashe kowace lita dubu da aka ceto ta ci yunit 56, wutar da za ta isa a dafa lita 1,200. Sai fa in a garinku kuɗin lita dubu na ruwa ya fi kuɗin yunit 56 na wuta, sa'an nan za a ce an ci riba. Ina ba malamai shawara su sa ɗalibai su binciko farashin biyun a garinsu su gwada da kansu. Waɗannan alƙaluma na misali ne. Gida ya bambanta da gida wajen tsawon bututu da yawan jama'a, amma duk yadda aka juya su, injin da ba ya hutawa ba ya rage kuɗi. Jin daɗi yake sayarwa, kuma jin daɗi ba laifi ba ne, muddin an kira shi da sunansa.

Akwai rangwame guda ga mutanen ƙasashen sanyi. A lokacin hunturunsu, zafin da bututu ke zubarwa cikin gida yana taimakawa wajen ɗumama ɗakuna, don haka ba duka ne ya tafi a banza ba. Da rani kuwa sai abin ya juye, na'urar sanyaya ɗaki ta ci ƙarin wuta don ta fitar da zafin da aka riga aka biya kuɗi aka samar.

Dabarar da jiki ya riga mu sani

Da asubahin hunturu, in ka taɓa yatsun yaro ko kunnuwansa za ka ji sun yi sanyi ƙalau, alhali cikinsa yana nan a digiri 37. Ba rashin lafiya ba ne. Jiki ne ya matse ƙananan jijiyoyin da ke kai jini fata da gaɓoɓin nesa, domin ya san cewa duk jinin da ya je can zai bar zafinsa a iska. Sai yaron ya fara guje-guje, zafi ya yi yawa, sa'an nan jijiyoyin su buɗe. Watau jiki ba ya aika zafi nesa sai da dalili. Duk gyare-gyaren da aka yi wa injin zagaya ruwa a shekarun baya, ƙoƙari ne na koyon wannan darasi.

Gyara na farko shi ne agogo. A saita injin ya yi aiki sa'a biyu da safe, sa'a biyu da yamma. Wat 400 sau sa'a huɗu, yunit 1.6, na injin 0.1, sai kuma zafin lita 13 da ke cikin zoben, wanda zai huce sau biyu a yini bayan an kashe, yunit 1.2. Jimla kusan yunit 3. Idan duk wanka da wanke-wanken gidan sun faɗo cikin waɗannan sa'o'i, to a nan an sami ragi na gaske, ruwa bai zube ba, wuta ma ta sauko daga 4.6. Amma fa sai gidan da mutanensa ke da tsayayyen lokaci. Wanda ya dawo daga aikin dare ya shiga wanka ƙarfe biyu, zai yi jira kamar dā.

Wasu injinan suna da ma'aunin zafi, su tsaya in bututu ya ɗauki zafi, su tashi in ya fara hucewa. Wannan yana rage wutar injin, amma tun da bututun yana nan da ɗuminsa ko yaushe, babbar asarar ba ta ragu sosai ba.

Wanda ya fi duka, a ganina, shi ne mai jiran umarni. Akwai maɓalli a banɗaki ko kicin. Mai son ruwan zafi ya danna, injin ya tashi da ƙarfi ya kora ruwan da ya huce zuwa tanki, da zarar ma'aunin da ke ƙarshen bututu ya ji ɗumi ya fara isowa sai ya kashe kansa. Duk aikin bai fi minti guda ko biyu ba, kafin mutum ya tuɓe riga ya rataye tawul an gama. Wutar da injin ke ci a haka ba ta kai a ambata ba. Zafin da ke ɓacewa shi ne na ruwan da ya saura a bututun fita bayan an gama, wajen yunit 3 zuwa 4 a misalinmu, ruwa kuma ko ɗigo bai zube ba. Ba a banza ba dokar gine-gine ta jihar Kalifoniya, inda fari ya sha addabar jama'a, ta fifita wannan samfur mai maɓalli a kan sauran a sababbin gidajen iyali. Ko a nan ma kada a zaci abin arziki ne: yunit guda da jarka huɗu a yini ne ribar, kuma sai an yi shekaru kafin su biya kuɗin injin da ladan mai haɗawa.

Baƙon da ke son ruwan ɗumi

Da mai karatu zai ce, to me ya sa ba za a rage zafin tankin ba, a mai da shi digiri 40, tun da ba wanda ke wanka da ruwan digiri 60? Ta fuskar lissafi ya yi daidai, asarar za ta ragu ƙwarai. Ta fuskar ilmin halittu kuwa wannan shawara tana iya kashe mutum.

A watan Yuli na 1976, tsofaffin sojojin Amurka na ƙungiyar American Legion suka yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya. Bayan 'yan kwanaki sai wani ciwon huhu mai tsanani ya ɓarke tsakaninsu da waɗanda suka kusanci wurin. Mutum fiye da 200 suka kamu, 34 suka rasu. An shafe watanni ana neman dalili, sai a watan Janairu na 1977 Joseph McDade na cibiyar yaƙi da cututtuka da ke Atlanta ya gano wata bakteriya da ba a san ta ba, aka raɗa mata suna Legionella pneumophila. A wancan karo an fi zargin ruwan na'urar sanyaya ginin, amma daga baya aka gane cewa bututun ruwan zafi na asibitoci da otal-otal da manyan gidaje yana daga cikin manyan maɓoyanta.

Wannan ƙwaya asalinta 'yar kogi da tafki ce, inda take zaune kaɗan-kaɗan ba ta damun kowa. A 1980 wani masani a Ingila, Timothy Rowbotham, ya nuna cewa tana shiga cikin amiba ta hayayyafa a can. Wannan shi ne sirrinta. A jikin kowane bututun ruwa akwai wani siririn yauƙi da ƙananan halittu ke shimfiɗawa, irin santsin da ake ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba. Amiba tana kiwo a kan wannan yauƙi tana haɗiye bakteriya. In ta haɗiyi Legionella, maimakon ta narkar da ita, sai abincin ya mai da mai cinsa gida, ya hayayyafa har amibar ta fashe. A cikin huhun ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye baƙin da suka shigo, kuma yadda suke yi ya yi kama da na amiba ƙwarai. Dabarar da bakteriyar ta koya a tafki ita take amfani da ita a kansu. Ba ta shan ruwa aka fi kamuwa ba, sai ta shaƙar feshinsa, irin wanda shawa ke tayarwa. Tsofaffi da masu shan taba da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana su suka fi shiga haɗari, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda ciwon ya kama yakan rasa ransa.

Zafin ruwa shi ke yanke hukunci. Ƙasa da digiri 20 ƙwayar tana nan da rai amma ba ta yaɗuwa. Tsakanin 20 da 45 tana hayayyafa, kuma ta fi jin daɗi a kusa da zafin jikin mutum. Daga 50 ta fara mutuwa a hankali, a 60 mafi yawa sun mutu cikin 'yan mintoci, a 70 kuwa nan take. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta ce a ajiye ruwan tanki a digiri 60, ya iso famfo bai gaza 50 ba, ruwan sanyi kuma ya zauna ƙasa da 20. A Jamus akwai abin da suke kira ƙa'idar lita uku: in ruwan da ke kwance tsakanin tanki da famfo ya wuce lita uku, ana bukatar a zagaya shi. A manyan gine-gine kuma ruwan ya fita a digiri 60, ya dawo bai gaza 55 ba, kada kuma a kashe injin fiye da sa'a takwas cikin ashirin da huɗu.

Kun ga ke nan lissafin kuɗi da lissafin lafiya ba kullum suke tafiya tare ba. A asibiti ko otal ko ɗakin kwanan ɗalibai, inda bututu ke da tsawon ɗaruruwan mitoci da rassa barkatai, injin da ke aiki ba hutu ba almubazzaranci ba ne, rigakafi ne, kuma ba wurin gwada agogon sa'a huɗu ba ne. A ƙaramin gida, inda kullum ruwan digiri 60 ke ratsa bututu yana wanke shi, haɗarin ya fi sauƙi, maɓalli ko agogo sun wadatar. Mafi muni shi ne tsaka-tsaki: tankin da aka rage wa zafi don tsimi, ga kuma inji yana zagaya ruwa mai ɗumi-ɗumi dare da rana. Wannan gona ce aka share wa ƙwayar cuta. Nan ne kuma illar ɗan bawul ɗin da na ambata take: yana zuba ruwan ɗumi cikin bututun sanyi, mai son shan ruwa ya buɗe famfo ya ji shi salam, bututun da ya kamata ya zauna da sanyinsa kuma ya shiga daidai zafin da ƙwayar ke so.

Ruwan digiri 60 yana da nasa haɗarin. Yana ƙona fata ƙuna mai zurfi cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar jariri da ta tsoho ma ta fi saurin ƙonewa, alhali a digiri 49 sai an yi mintoci. Maganin wannan shi ne bawul mai gauraya zafi da sanyi a dab da famfo, yadda ruwan zai yi tafiyarsa da zafinsa, sai a bakin fita ya sauko. Haka kuma injin da ya fi ƙarfin bututunsa yana sa ruwa gudu fiye da kima, a hankali ya zaizaye jan ƙarfe, musamman a kwanoni, har ya huda shi. Gangar jikin injin kuwa ta kasance ta tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ruwan famfo yana ɗauke da iskar oksijin wadda ke cin baƙin ƙarfe.

Mu kuma fa?

A Kano ko Zariya ko Maraɗi, gidajen da ke da tanki guda mai rarraba ruwan zafi ba su da yawa. Mai hali yakan rataye ƙaramar hita a bangon kowane banɗaki, tazarar mita ɗaya ko biyu daga shawa. Ba tare da an yi niyya ba, wannan ya kashe matsalar tun daga tushe, domin ruwan da ke kwance a bututun bai kai lita guda ba, babu abin da inji zai zagaya. Wanda ke da dogon bututu kuwa, bokiti ya ishe shi: ya tari ruwan sanyin farko ya yi wanki ko ban ruwan shuka. Inda batun ya shafe mu kai tsaye shi ne asibitoci da otal-otal da makarantun kwana, da kuma tankunan baƙar roba da muke ɗorawa bisa rufi, waɗanda a watan Afrilu ruwansu kan wuni cikin ɗumin da na bayyana a sama. Wanke tanki a kai a kai, da rufe shi, da yi masa inuwa, da barin shawar da ta daɗe ba a buɗe ba ta zuba na ɗan lokaci, mutum yana waje, kafin a shiga, duk ba su cin kuɗi.

Akwai ma zagayen ruwa da ba ya bukatar inji ko kaɗan, kuma ya fi dacewa da ƙasarmu. Lita guda ta ruwa tana da nauyin giram 998 a digiri 20, amma a digiri 60 giram 983 ce kawai. Wannan bambanci na giram 15 ya isa ya sa mai zafi ya hau, mai sanyi ya sauka. In aka shimfiɗa baƙin faranti mai bututu a rana, aka ɗora tanki a sama da shi, ruwan da ya ɗumama zai hau tanki da kansa, na gindin tanki ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za a yi ta yi har rana ta faɗi, sai zagayen ya tsaya da kansa. Da irin wannan Turawa suke zagaya ruwa a gidajensu kafin zuwan injin Opländer. A Isra'ila tun 1980 doka ta wajabta sa tankin rana a yawancin sababbin gidaje. A Nijar, Farfesa Abdou Moumouni, masanin kimiyyar lissafi da makamashi haifaffen Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969, kuma tankunan dumama ruwa da rana suna cikin abubuwan da ta ƙera. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ita ma ta yi aiki a kansu.

Malami zai iya nuna wannan a aji da kwalabe biyu masu baki iri ɗaya. A cika ɗaya da ruwan zoɓo mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ɗayar da ruwan randa. A rufe bakin ta sanyi da guntun kwali, a kifa ta bisa ta ɗumi, a zare kwalin a hankali. Nan da nan za a ga jan ruwa yana hawa kamar hayaƙi, fari yana sauka. Sai a sake, amma wannan karo ta ɗumi ce a sama. Jan zai tsaya inda yake, layin da ya raba su ya daɗe bai gushe ba. Daga nan a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa bututun fitar ruwan zafi yake a saman tanki, na shigar ruwan sanyi kuma yake kaiwa gindi, da abin da zai faru ga ruwan wanka in inji mai ƙarfi ya dama su wuri guda.